Baba Sannu da Sabuwar Motar Likita

Shekara arba'in da ɗaya Baba Sannu ya yi yana riƙe da sitiyari, bai taɓa ƙwarzane fentin motar kowa ba. Sunan ma a bakin aiki ya samo shi, domin duk wanda ya ce masa ya ƙara wuta, amsa ɗaya yake bayarwa: "Sannu dai, za mu isa." Ashirin da shida daga cikin shekarun nan a gida ɗaya ya yi su. Shi ya riƙa kai 'yar gidan, Likita, makaranta tun tana 'yar mitsitsiya da jakar goyo, shi ya kai mahaifinta asibiti a ciwonsa na ajali, yanzu kuma shi yake kai ta aiki kowace safiya. Ita takan zauna a baya, mijinta Lauya kuwa a gaba, idan hanyarsu ta zo ɗaya.

Yana da wata ƙa'ida da bai taɓa saɓawa ba. Da sassafe zai tayar da mota ya bar inji ya ɗumama, shi kuma ya ɗauko tsummansa mai ɗan danshi ya bi cikinta da guga: sitiyari, madubi, hannun ƙofa, har maɓallan rediyo ɗaya bayan ɗaya. Ubangidansa na farko ne ya hore shi a kan haka, ya ce direban da ya bar ƙura a gabansa zai bar ta a cikin injinsa.

Ranar da Lauya ya kawo sabuwar mota, Baba Sannu ya zagaya ta sau biyu yana jinjina kai, sannan ya shiga ya zauna. Hannunsa ya tafi da kansa inda maɓallin fanka yake zama, ya tarar da wurin sumul. Ya lalubi na rediyo, babu. Ya nemi ramin makulli, shi ma babu. Abin da ke gabansa kawai wani baƙin allon gilashi ne mai faɗin faranti.

"Ranka ya daɗe, ba su ƙarasa haɗa ta ba ne aka sayar maka?"

Lauya ya yi dariya har da riƙe ciki. "Komai yana cikin allon nan, Baba. Sanyi, rediyo, madubi, fitila, duka. Taɓawa kawai ake yi. Amma kai ba ruwanka da shi, ni zan saita komai. Naka tuƙi ne. Kada ka danna komai, ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Abin da ban sani ba, me zai kai yatsana?"

Washegari suka hau titin asibiti, wanda Baba Sannu ya san ramukansa kamar yadda ya san 'ya'yansa. Da suka kusa babban ramin da ke gaban gidan mai, ya karkata hagu kaɗan yadda ya saba. Sai sitiyari ya yi rawa a hannunsa, ya fizge ya koma dama, tayar gaba ta faɗa ramin tim!

"A'uzu billahi! Likita, wani ya riƙe min sitiyari!"

"Motar ce, Baba. Gani ta yi za ka fita daga layinka, ta mayar da kai."

"Ta mayar da ni cikin rami?"

Bai gama mamakin wannan ba, motar ta ɗauki tsuwa, wani hoton kofi ya bayyana a gabansa. Likita ta leƙo ta karanta rubutun, ta danne dariyarta da ƙyar. "Wai ta ga idonka ya lumshe. Ta ce ka gaji, ka tsaya ka sha shayi."

Baba Sannu dai tsufa ya ɗan sauko masa da fatar ido, amma ganinsa garau yake. "Ni na gaji? Da ƙarfe bakwai na safe? Yaushe aka haife ta da za ta aike ni shan shayi?"

Da abin ya tsaya nan, da an yi dariya an wuce. A kwana na uku aka ce ya kai Inna, mahaifiyar Likita, a duba mata gwiwa. Saboda ƙafar sai ta zauna a gaba. Rana ta take, ba su yi nisa ba tsohuwa ta fara mutsu-mutsu tana gyara zama.

"Malam Sannu, garwashi ka zuba min a ƙarƙashin kujera?"

"Wane irin garwashi kuma, Inna?"

"To taɓa ka ji! Mutum ya zo a duba masa gwiwa, a gasa shi a hanya?"

Ya kai hannu, ya ji kujerar ta ɗau zafi rau. Ya zaci wuta ce ta kama daga ƙasa. Ya tsaya a gefen titi, ya fito da Inna, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin mota, mutane suka taru suna tambaya. Babu hayaƙi, babu ƙauri. Da yamma Lauya ya gano cewa akwai abin ɗumama kujera, na ƙasashe masu sanyi, kuma wani ya kunna shi har ƙarshe.

Daga nan kullum da sabon abu. Yau madubin gefe ya naɗe kansa, gobe rediyo ya fashe da ihu, jibi rubutun allon ya koma wani harshe da ko Lauya bai san ta inda ake fara karanta shi ba. Kowace yamma Lauya zai zauna ya gyara komai, gari na wayewa a tarar an birkita.

"Baba, tsakaninka da Allah, ba ka danna allon nan?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, yatsana bai taɓa sauka a kansa ba."

A mako na biyu ne babban abin ya faru. Suna tafe a hankali kusa da kasuwa, iska ta ɗauko wani kwali ta gilma da shi ta gabansu. Baba Sannu ya ga kwali ne, bai ko ɗaga ƙafa ba. Motar kuwa ta ƙwala ƙara ta ja birki da kanta, ta tsaya cak. Goshin Likita ya daki bayan kujera, mai babur da ke biye da su ya zo ya daki bayan motar. Ba wanda ya ji ciwon kirki, amma da Baba Sannu ya fito ya ga fenti ya ɗaye kamar faɗin tafin hannu, sai ya tsaya yana kallo. Ƙafarsa ba ta taɓa birki ba, amma wa zai gaya wa ya yarda?

Da yamma yana wanke taya a bakin gareji, ya jiyo muryar Lauya ta tagar falo.

"Tsufa ne, ki yarda. Yana danne-danne ya manta, yau kuma ya taka birki ba dalili. Ƙarshen wata a sallame shi cikin mutunci, kafin ya kashe mu."

"Mutumin da ya goya ni a kafaɗa kake cewa in sallama?" in ji Likita. Sannan ta ƙara da cewa, "A kai motar kamfani a duba. Idan suka ce lafiyarta lau, na yarda."

Baba Sannu ya tsayar da wankin tayar. Wannan aiki shi ne cinsa da na iyalinsa, kuma ya san mai shekarunsa idan aka sallame shi da sunan ruɗewa, ba mai sake miƙa masa mota.

Wurin gyaran kamfanin bai yi kama da duk garejin da ya sani ba. Ƙasa fes kamar ɗakin tiyata, makanikin kuma sanye da farar riga, ko ɗigon baƙin mai babu a hannunsa. Bai buɗe bonet ba. Wata igiya ya jona daga motar zuwa kwamfutarsa, ya bar inji yana aiki, ya daɗe yana karatu.

"Birkin nan dai ba Baba ya taka ba," in ji makanikin. "Motar ce ta ga abu ta tsaya."

Baba Sannu ya sauke numfashi.

"Sai dai a safiyar ranar an ƙure mata saurin tsorata har ƙarshe, shi ya sa kwali ma ya firgita ta. Kuma ga shi a rubuce, kullum tsakanin bakwai saura kwata da bakwai saura minti goma ake canza abubuwa, wani lokaci guda ashirin a minti ɗaya. Wa ke cikin motar a wannan lokaci?"

Lauya da Likita suka juyo suka dube shi.

"Ni ne," in ji Baba Sannu. "Amma na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban danna ba."

Lauya ya ja Likita gefe suna magana ƙasa-ƙasa, makanikin ya koma kan kwamfutarsa. Baba Sannu ya rasa inda zai sa kansa, ya shiga motar ya zauna a mazauninsa. Idonsa ya sauka a kan allon, ya ga makanikin ya cika shi da shatin yatsu. Ko tunani bai yi ba, hannunsa ya zaro tsumman daga aljihu, ya goga daga hagu zuwa dama, ya dawo, ya zagaya kusurwa.

Madubin gefe biyu suka naɗe. Murfin but ɗin baya ya ɗaga sama da kansa. Rediyo ya ɓarke da kiɗa har ma'aikatan wurin suka firgita.

Baba Sannu ya daskare, tsumma a hannu, baki buɗe. Makanikin ya rugo ya kashe rediyon, ya dubi tsumman, ya taɓa ya ji danshinsa, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa ƙofa.

"Baba, kullum kake goge ta haka, inji yana aiki? Ai ita ba ta san bambancin yatsa da jiƙaƙƙen tsumma ba. Duk inda ka shafa, umarni ka ba ta!"

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Baba Sannu a hankali. "Ashe ni ne aljanin. Ni na gasa Inna. Kuma na yi ta rantsuwa..."

"A kan yatsa ka rantse, Baba, ba a kan tsumma ba," in ji Likita, tana so ta ba shi dariya. Bai yi ba.

Lauya bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "To, kin dai ji. Motar lafiyarta lau."

Suka kamo hanyar gida, Lauya a gaba, Likita a baya. Suna hawa babban titi hadari ya haɗu, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Kafin minti biyu gilashin gaba ya yi hazo daga ciki, fitilun motocin da ke gabansu suka koma jan dishi-dishi. A tsohuwar mota da tuni hannunsa ya murɗa maɓalli ba tare da ya duba ba. Ya dubi allon da wutsiyar ido, ya ga 'yan hotuna sun fi ashirin. Sai ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya tsaya.

"Me kuma ya faru?" in ji Lauya.

"Ba na ganin hanya, ranka ya daɗe. Abin da ke share hazon yana cikin allon nan, ni kuwa ba zan ɗauke idona daga titi in shiga lalube ba, alhali yarinyar nan tana bayana. Idan sallama ce, na gwammace a sallame ni a nan, mota a tsaye, kowa da ransa."

Lauya ya yi tsaki. "Abu na daƙiƙa biyu." Ya danna, taswira ta fito. Ya koma baya ya danna wani, sunayen mutanen da ke wayarsa suka jeru. Ya shafa gefe, fitilun cikin mota suka koma shuɗi. Ya sa tabarau, ya matso da fuskarsa, ya shiga wani shafi ya fita, ya sake shiga. Manyan motoci suna wucewa suna watsa musu ruwa, motar tana girgiza. Likita kuwa ta ɗaga hannu tana duban agogonta, kamar mai auna bugun zuciyar majinyaci.

Can dai iska ta huro ta ƙasan gilashi, hazon ya fara janyewa.

"Ga shi nan!" in ji Lauya, yana share gumi.

"Minti huɗu da rabi," in ji Likita. "Kana zaune, mota a tsaye, kai da ka karance littafinta. Ran Asabar da ka ɗauko yara daga gidan Yaya, ai an yi ruwa. Tsayawa ka yi?"

Lauya ya sunkuyar da kai. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ban tsaya ba," ya ce daga ƙarshe, muryarsa ta yi ƙasa. "Ina tafe ina nema. Har na ji an yi min hon mai tsawo, na ɗago na gan ni a ɗaya hannun."

"Da yarana uku a baya?"

Ruwa yana ta dukan rufin motar. Baba Sannu ya kafa idonsa a kan titi, ya yi kamar ba da shi ake ba.

"Baba ba inda za shi," in ji Likita. "Zai riƙa gugarsa kafin ya tayar da inji. Allon kuma daga yau aikin wanda ya zauna a gaba ne. Baba, a zamaninku me ake ce wa mai zama kusa da direba yana yi masa hidima?"

"Likita, ki rufa min asiri, bakina ba zai iya faɗa ba."

"Karen mota," in ji Lauya da kansa, ba tare da ya dubi kowa ba. Ya mayar da tabaransa. "Mu tafi, Baba."

Baba Sannu ya duba madubi, ya jira wata tanka ta wuce, ya hau titi a hankali. Sun yi 'yar tafiya, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, in ba damuwa, a ɗan rage sanyin nan. Yana dukan gwiwata."

Lauya ya sunkuya kan allon ya fara nema.