Keken da Aka Ɗauki Hoto da Shi

Akwai abu guda da Onarabul bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa ta koma ga Mahalicci ba ta sani ba: keken guragun da ya miƙa wa Mai-agogo a bainar jama'a bai taɓa shiga gidan Mai-agogo ba. Yana nan a ɗakin ajiya na ofishin mazaɓa, an jibga masa tsofaffin fastoci da wata fanka marar kai.

Tun da jam'iyya ta ba wani takarar kujerarsa ta majalisar jiha, ofishin ya zama kufai. Bencin da a da ake rububin zama a kansa, yau ƙadangare ne ke shan hantsi. Hoton ranar miƙa keken kaɗai ya rage a bango: ga shi ya sunkuya, hannunsa a kafaɗar Mai-agogo, mai gyaran agogo a bakin titi, abokinsa na ƙuruciya da suka yi zaman benci ɗaya a firamare, wanda babbar mota ta raba da ƙafafunsa.

Hoton bai nuna abin da ya biyo baya ba. Mai hoto na juya baya, 'yan jam'iyya suka cicciɓi Mai-agogo daga keken suka dire shi a tabarma. "Za a kawo maka har gida, Baba. Gobe akwai taro a wata unguwar." Haka keken ya zaga unguwanni, kowa ya ɗana, ba wanda ya tafi da shi. Onarabul ya gani. Har ido suka haɗa da Mai-agogo, sai ya kara wa kunnensa wayar da ba ta yi ƙara ba.

Da safen nan rediyo ta maimaita wata tsohuwar hirarsa. Ya ji muryarsa cike da ƙarfin gwiwa: "Manufar gwamnati a fili take, ba za a bar mai lalura a baya ba. Batun kwashe rumfuna daga bakin titi kuwa, ni na fara ɗaga hannu. Gyaran gari sai da haƙuri."

Ya kashe rediyon. Ya tashi ya nemo makullin ɗakin ajiya.

* * *

Tayar hagu tana kuka, shi kuwa yana turawa, babbar rigarsa na sharar ƙasa. Ba direba, ba 'yan rakiya. Wani bakanike ya leƙo daga ƙarƙashin mota.

"Onarabul, an koma keke ke nan? Ina jif ɗin?"

Ya yi yaƙe ya wuce. A bakin lungun sai ga kwatar da ya sha yin alkawarin gyarawa ta cika ta batse. Ya tattare riga, ya saɓa keken a kafaɗa ya tsallaka.

Matar Mai-agogo na wanki a tsakar gida. Ta dubi keken, ta dube shi, ba ta cire hannu daga kumfa ba.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Yana ciki. Ina zai je?"

Ɗakin na warin man zafi. Agoguna matattu na rataye a jikin ƙusoshi, kowanne da lokacin da ya tsaya. Mai-agogo na kwance, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya ƙyafta ido, sai ya kira shi da sunan da rabon Onarabul da ji tun suna makaranta.

"Sarkin Surutu! Kai ne? Ina mai hoton, ko ya makara?"

"Ni kaɗai ne."

"Kai kaɗai? Ashe da gaske ne an kayar da kai." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To zauna mana. Tabarmar talaka ba ta cizo."

Onarabul ya zo da jawabi a bakinsa, ya tsara shi tun daga ofis. Shi da ya saba kwashe yini yana magana a zauren majalisa, ya nemi kalma ɗaya ya rasa.

"Bar shi," in ji Mai-agogo. "In ka fara, sai rana ta faɗi. Ɗauke ni dai ka kai ni rumfata. Na gaji da ƙirga tsagar rufi. Uwar yara kullum cewa take tana nan yadda na bar ta, teburina ma ba a taɓa ba."

Daga bakin ƙofa matar ta sunkuyar da kai, tana matse zanen da ya riga ya tsane. Onarabul ya san abin da ya sami rumfar. Ya kuma san hannun da aka fara ɗagawa.

Ya sunkuya ya ɗauki abokinsa. Ba nauyi ko kaɗan, kamar ya ɗauki rigar wanki.

* * *

A kwanar titi babu rumfa, babu tebur, babu ko gungumen bishiyar da ke yi musu inuwa. An shafe gefen titin da fenti baƙi da fari, an dasa furanni sun bushe.

Mai-agogo ya daɗe yana kallo. Bai tambayi wanda ya yi ba. Akwai rediyo a ɗakinsa.

"Ɗan matsa da ni gaba. Yauwa. Kaɗan hagu. Nan ne."

Ya laluba aljihu ya fito da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in zai yi gyaran agogo, ya goge shi da bakin riga, ya riƙe a cinya. Mutane na ta wucewa suna duba lokaci a wayoyinsu. Ba wanda ya tsaya.

Rana ta take, gumi ya fara tsattsafowa a goshin Mai-agogo. Onarabul ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Sai ya zagayo a hankali, ya gyara tsayuwa har inuwarsa ta sauka a kan fuskar abokinsa, ya tsaya nan.