Shinkafar Bayan Katanga

A arewa da Riyad, can inda kwalta ke ƙarewa ta bar mota da yashi, akwai wani gidan hutu irin wanda Larabawa ke kira istiraha. Katanga ce doguwa, da ɗakin baƙi, da 'yan itatuwan dabino, sai garken tumaki daga baya. Mai wurin, Abu Rayyan, a unguwar Al-Naseem yake zaune da iyalinsa, ba ya leƙowa sai ranar Alhamis. Sauran kwanakin kuwa wurin na Badamasi ne, shi da tumaki da jiragen da ke tashi daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid suna bi ta kansa.

Badamasi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kazaure, kuma kiwo gadonsa ya yi. Abu Rayyan ne kafilinsa, wato a hannunsa iƙamar Badamasi take, takardar izininsa ta zama a ƙasar. In ya sabunta ta, Badamasi ya ci gaba da zama. In ya ƙi, sai haɗa kaya. A gida akwai matarsa Shafa'atu da yaransu, da wani gini da ya kai linta ya tsaya yana jiran rufi. Saboda wannan rufin ne Badamasi ke shan ranar Riyad ba ya ko tsaki.

Duk Alhamis da yamma Abu Rayyan kan zo da abokansa, a biyo su da manyan farantan kabsa, shinkafa tuli da nama a kanta, faranti ɗaya sai mutum biyu sun kama. Su kuma, Allah ya ba su, cin nasu kamar na masu jin kunyar suruki. Kowa ya ɗan tsakuri gabansa, ya ce alhamdulillah, ya koma kan gahawa. Tun makon farko Abu Rayyan ya nuna wa Badamasi baƙaƙen ledoji da duron shara, ya yi masa alama da hannu cewa duk abin da ya rage a juye a ciki.

Nan fa aka taɓo inda ke wa Badamasi ciwo. A hannun kakarsa Gogo ya tashi, tsohuwar da ta ga shekarun yunwa da idonta. In ƙwayar gero ta faɗi ƙasa, Gogo ba ta barin wurin sai ta tsince ta. A gidansu ragowar tuwo ɗumame ne. In ya kwana ya lalace, na kaji ne. Ruwan wankin tsaba ma na awaki ne. Ta sha gaya musu cewa abincin da aka jefa a juji yana kai ƙarar mai jefa shi, kuma gidan da ke wulaƙanta hatsi albarka ba ta kwana a cikinsa. Badamasi ya girma har ya yi gemu, amma hannunsa bai taɓa iya juye abinci mai kyau a cikin shara ba.

Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ci har ciki ya ce ya isa, ya cika ɗan firjinsa, ya ɗura wa Maiwada, direban gidan Abu Rayyan, ya kai wa 'yan uwa da ke cunkushe a ɗakunan haya a unguwar Manfuha. Duk da haka shinkafa na saura, kuma tumaki ba sa cin abu mai maiƙo da ƙashi. Sai ya samo dabara. A bayan katanga, kusa da wani busasshen rafi, akwai falalen dutse. Duk safiyar Juma'a sai ya ɗauki ragowar ya kai can, ya yi bismillah, ya juye, ya ce mai rabo ya ci.

Masu rabon farko tsuntsaye ne. Bayan su sai wata jar karya, ramammiya, haƙarƙari a waje. Daga nesa take tsayawa har sai ya juya baya. Bayan gari a wannan yankin ba ya rasa irinsu: karnukan da aka gaji da su aka zo aka yasar, da waɗanda ma'aikatan gini suka tashi suka bari. Labarin abinci kuwa ba ya ɓuya ko a wurin dabba. Kafin shekara ta zagayo, karyar ta zo da kwikwiyoyinta, wasu baƙi sun biyo sahu, har suka zama garke guda.

Kada a ɗauka Badamasi son karnuka yake yi. A ƙauyensu ba mai ajiye kare sai mafarauci, kuma shi bai taɓa sa wa ɗayansu suna ba, balle ya taɓa shi. Shi dai abinci yake tserarwa daga shara. Amma sabo turken wawa ne. Mutumin da ke wuni ba wanda zai ce wa sannu, in ya fito da safe ya tarar da wasu halittu zaune suna jiransa, dole ransa ya yi sanyi. Yana jin daɗin hakan, ko da yake ba zai faɗa wa kowa ba.

Maƙwabta ne suka fara ƙorafi. Karnuka sun kifar da duron wannan, sun cinye kajin wancan, sun bi motar wani da haushi har yaransa suka tsorata. Kowa na mamakin abin da ya tara su a nan. Ba a daɗe ba aka sami amsa, domin wata Alhamis Abu Rayyan ya kwana a istiraha, da safe ya hau soro yana waya, sai ga makiyayinsa ɗauke da faranti, karnuka sun yi layi a bakin rafi kamar masu jiran rabon zakka.

Faɗan da ya yi, rabinsa Badamasi bai fahimta ba, amma ya gane abin da ake nufi. Daga ranar Maiwada ne ke ƙulle ledojin ya tafi da su cikin gari. Badamasi bai yi gardama ba. Wanda iƙamarsa ke aljihun wani ba ya da bakin musu.

Sai dai ba wanda ya sanar da karnukan. Juma'a ta farko suka zo suka zauna har rana ta take, suka watse. Ta biyu ma haka. Badamasi kan leƙa ta ƙofar baya ya gan su, sai kunya ta kama shi kamar wanda ya gayyaci baƙi ya shige ɗaki ya kulle. Ya jefe su da duwatsu don su tafi su nemi wani wurin, su ja da baya kaɗan, su sake zama. Da can karya ɗaya ce mai yunwa. Yanzu garke ne mai yunwa, kuma shi ya raine shi.

Wata Juma'a Maiwada ya zo ya ɗauke shi zuwa masallaci. Da suka dawo, tun daga nesa Badamasi ya ji kukan tumaki ba irin na kullum ba. Karnukan sun tona ƙarƙashin wayar shinge sun shiga. 'Yan raguna biyu sun tafi, sai fata da ƙafafu. Wata baƙar tunkiya mai farin kai, wadda Abu Rayyan ke nuna wa duk baƙon da ya zo, tana kwance an yage mata cinya. Dole Badamasi ya yanka ta kafin ta mutu mushe.

Abu Rayyan bai yi ihu ba a wannan karon, kuma wannan ya fi tsorata Badamasi. Ranar Alhamis ya zo da baƙinsa kamar kullum. Da aka watse sai ya hana Maiwada taɓa faranti ɗaya, ya kira Badamasi, ya ajiye wata 'yar kwalbar guba a gefen farantin. Ya sa Maiwada ya yi tafinta don kada a ce ba a ji ba. Maƙwabcinsu ya riga ya gwada jefa wa karnukan nama mai guba, sun shinshina sun wuce. A kan dutsen nan kawai suke ci, kuma daga hannun mutum ɗaya.

Badamasi ya roƙa a kira masu kama karnuka na hukuma su zo su kwashe su. Abu Rayyan ya ce shi ba zai zauna jira ana cinye masa dabbobi ba.

"Kai ka tara su, ya Badamasi, kai za ka raba ni da su," in ji shi. "Iƙamarka a wannan watan take ƙarewa. In na dawo na ga kare ko ɗaya a bayan katangar nan, halas, shi ke nan, ka koma ƙasarku."

Bayan tafiyarsa Maiwada ya ɗan tsaya. Shi mutum ne mai barkwanci, ya daɗe yana kiran Badamasi Sarkin Karnukan Riyad, amma a ranar bai yi tsokana ba. Ya ce masa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ba yau aka fara kashe karnukan da suka ɗanɗani jinin dabba ba, ko a gida haka ake yi. Ya tuna masa da mutanen da ke Manfuha ba aiki ba takarda, suna ɓuya in sun ga motar 'yan sanda.

"Rufin ɗaki ka zo nema," in ji Maiwada. "Ka tausaya wa naka tukuna."

Badamasi ya san gaskiya ya faɗa. Ba kashe karen da ya ci rago ne ke damunsa ba, ai shi makiyayi ne, ya san hukuncin. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne hanyar. Da sanda ce ko bindiga, da kare ya ga abin da ke tafe ya gudu ko ya tsaya. Amma a ce abinci, abin da ya ƙi jefawa a shara don girmansa, shi zai mayar tarko, kuma amincin da suka ba shi ne zai jawo su. Ya duba ta ko'ina bai ga mafita ba. In ya binne kwalbar ya yi ƙarya, karnukan na nan ranar Alhamis. In ya ƙi, damina za ta sami Shafa'atu da yara a tsohon ɗakin da ke yoyo, shi kuma ya sauka a Kano hannu rabbana.

Da gari ya waye ya yi sallah, ya ba tumaki ciyawa da ruwa, ya yi ta 'yan kame-kamen ayyukan da ba su da gaggawa. Da ya rasa abin yi sai ya buɗe kwalbar ya zazzage a kan shinkafar, ya juya da itace. Ya ɗauki farantin ya fita ta ƙofar baya. Bakinsa ya buɗe zai yi bismillah kamar yadda ya saba, sai ya kasa, ya rufe shi.

Suna nan a bakin rafi. Da suka hango farantin sai duk suka miƙe, wutsiyoyi na kaɗawa. Jar karyar nan, wadda tsawon zamansu ba ta taɓa matsowa kusa da shi ba, ita ce ta taho a gaba. Ko yunwa ce ta cire mata tsoro, ko murnar ganin ya dawo, Allah ne masani. Yana sunkuyawa zai ajiye farantin ta iso, ta lashi bayan hannunsa sau ɗaya, sannan ta sa baki a shinkafar.

Badamasi ya juya ya koma ciki bai waiwaya ba. Ya rufe ƙofa, ya je famfo ya wanke hannun da ƙasa da ruwa yadda aka koya masa tun yana yaro. Daga nan ya shiga cikin tumaki ya zauna, ya ƙure muryar rediyo don kada ya ji abin da ke faruwa a waje. Ya yi kuka irin wanda rabonsa da yi tun rasuwar mahaifinsa.

Bayan la'asar ya ɗauki shebur. Ya haƙa rami mai zurfi a cikin rafin inda yashi ke da taushi, ya jawo su ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana. Ya kankare ragowar shinkafar daga kan dutsen ya haɗa da su, don kada tsuntsaye su ci. Bai gama ba sai da aka kira magariba.

Ranar Alhamis Abu Rayyan ya zo ya zagaya bayan katanga. Shiru, ba haushi, ba sawu. Ya dawo ya dafa kafaɗar Badamasi, ya ce masa shi mutumin kirki ne, ya nuna masa a fuskar wayarsa cewa an sabunta iƙamar. Har ya ba shi kwalin dabino ya ce na yara ne.

Da yamma Badamasi ya kira gida ya shaida wa Shafa'atu cewa zamansa ya ƙaru, ta gaya wa kafinta ya fara auna katako. Ta yi guɗa, ta kira yara su zo su ji muryar babansu, ta yi ta godiya ga Allah. Ba ta san komai game da karnukan ba, bai taɓa ba ta labarinsu ba.

"Ni dama ban taɓa shakka ba," in ji ta. "Alherinka ne ke bin ka, Malam. Kai da ko dabba ba ka iya gani da yunwa ka wuce, ta yaya Allah zai bar ka?"

Badamasi ya juya yana kallon ƙofar baya, har ta tambaya ko yana jin ta. Ya ce mata layin ba kyau, zai sake kira gobe.