Kiran da Zubaida Ba Ta Amsa Ba

Zubaida ta shekara arba'in da ɗaya a duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ita ce 'yar fari, Inna Hadijatu kuwa irin matan nan ce da suka riƙe alkunya da hannu bibbiyu. In Zubaida tana kusa, "ke" ce. In ta yi nisa, "waccan". Ana yaye ta aka miƙa wa kakarta, can ta girma, daga can aka kai ta gidan mijinta Badaru a Mai'aduwa. Ba wanda ya ga laifi a wannan, haka aka taso aka tarar.

Da ciwo ya kama Inna a nono, shekara guda ta yi tana rufe shi da zane. Da ya fashe aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, wai ciwon daji ba ya son allura. Kafin a yarda a sa ta a mota daga ƙauyensu na gefen Zango zuwa Katsina, likita ya ce an makara. Ya ba da maganin rage zafi, ya ce a koma gida a kula da ita.

To, wa zai kula? Maza uku Inna ta haifa bayan Zubaida. Biyu suna fataucin dabbobi, yau Kongolam gobe kudu. Auta Yazid yana aiki a Kano, shi kam ya iya waya, ba a nan take ba. Sai Zubaida ta kife kaskon ƙuli-ƙulinta, ta bar wa Badaru 'ya'ya biyar, ta ɗaura ƙunshin kaya a bayan babur. Ta ce mako biyu za ta yi. Ga shi an yi shuka, an yi noma, har an fara cirar gyaɗa tana nan.

Kullum da hantsi takan dafa ruwa ta sa gishiri, ta jiƙa tsohon bandeji har ya saki, ta wanke gyambon da auduga a hankali. Warin kuwa ba a magana. Turaren wuta take sawa kafin 'yan dubiya su zo, don kada wata ta toshe hanci Inna ta gani. Su shigo, su zauna, su ce, "Ya mai jiki? Allah ya sa kaffara ne," su ajiye lemo su tafi. Wata bakwai ana wannan sintiri, ba a samu mutum ɗaya da ya dubi wadda ta buɗe musu labule ya ga ta rame kamar sillen kara ba.

Wannan duk bai dame ta ba kamar ranar da aka koma asibiti karɓo magani. Malamar asibiti ta tambayi Inna sunan mai jinyarta don ta rubuta. Inna ta kau da kai, ta dubi bango.

"Ga ta nan, ku tambaye ta."

A motar dawowa wayar Yazid ta shigo, sai ga muryar Inna ta washe: "Yazidu! Autana! Allah ya yi maka albarka." Zubaida tana riƙe mata da wayar a kunne, hannunta yana warin maganin gyambo. Ta ji kunyar kanta. Mace da 'ya'ya biyar tana kishin ƙaninta a kan suna!

Iya Kulu ce ta gano ta. Ƙawar Inna ce tun suna tallar fura, yanzu ita ke wankan gawar mata a ƙauyen, kuma bakinta ba ya da linzami. Wata rana bayan azahar ta fito daga ɗakin mara lafiya, ta tarar da Zubaida a bayan rumbu tana wanke tsummoki.

"Ajiye wannan. Zo nan ki zauna."

"Iya, yanzu za ta farka."

"Ta farka mana, ba gudu za ta yi ba. Na ce zauna." Ta tura mata kwanon fura. "Kowa ya mai jiki, ya mai jiki. Ke fa, 'yar nan? Ya naki jikin?"

Tambayar ke nan, ba wata doguwa ba. Zubaida ta buɗe baki za ta ce alhamdu lillahi, sai kuka ya riga ta. Iya Kulu ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta ce kukan mai jinya mugun fata ne ba. Ta bar ta ta yi mai isarta, tana korar mata kaji daga bakin kwano.

"Ban gaji da wankin ba, Iya. Wallahi ban gaji ba. So nake sau ɗaya, kafin ta tafi, in ji ta ce Zubaida. In san ta san ni ce."

Iya Kulu ta dubi gindin rumbun. Can ta ce, "Ranar da aka ɗauke ki aka kai wa kakarki, kwana uku uwarki ba ta sa komai a baki ba. Ni na gani. A bayan wannan rumbun ta yi nata kukan, aka tambaye ta ta ce hayaƙi ne." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Daga yau duk la'asar ni zan zauna da ita. Ke ki yi wanka, ki kira 'ya'yanki, ki kwanta. In kika yi mini gardama sai na saɓa miki."

Haka aka yi. Abin da tsofaffin biyu suke tattaunawa a ɗaki Zubaida ba ta sani ba. Sau ɗaya dai ta jiyo muryar Iya Kulu ta tashi: "Hadiza, kunyar wa kike ji yanzu? Duk waɗanda za su yi miki dariya suna maƙabarta." Washegari ma "ke" ce, jibi ma "ke". Zubaida ta fitar da rai.

Ranar wata Laraba da hantsi ta gama wankin gyambo, ta juya baya tana matse tsumma a cikin roba. Kwana biyu ke nan Inna ba ta yi magana ba, sai nishi.

"Zubaida."

Muryar siririya ce, a shaƙe, ba ta yi kama da ta kowa ba. Zubaida ta ajiye tsumman ta ɗaga labule ta fita.

"Wa ke kira?"

Tsakar gida ba kowa, sai gyaɗa da aka shanya da akuya tana neman hanyar kaiwa gare ta. Ta leƙa zaure. Ta leƙa ta katanga ta tambayi maƙwabciya ko ita ce, ta ce a'a. Tana tsaye a tsakiyar rana tana mamaki, sai ta tuna daga ita sai Inna a gidan. Ta koma da gudu har tana tuntuɓe da robar ruwa.

Inna ta juyo da fuskarta wajen ƙofa, ido a lumshe. Tana numfashi, amma ta yi nisa. Zubaida ta durƙusa ta riƙe hannunta tana cewa, "Inna, ke ce? Inna, sake faɗa." Ba ta sake ba. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Iya Kulu ce ta yi wankan, Zubaida tana zuba mata ruwa. A nan Zubaida ta gaya mata, da muryar da ta dushe.

"Ta kira ni, Iya. Na fita neman mai kira a waje. Ta mutu tana ganin ta kira na ƙi amsawa."

Tsohuwar ta tsaya da hannu a cikin ƙwarya. Mata suna jira a ƙofa da likkafani, maza a waje sun aiko a hanzarta. Ta ce su jira.

"Shekara arba'in tana tattalin wannan kira, ba za ta tafi da shi a buɗe ba. Matso. Amsa mata."

"Iya, ai ba ta ji."

"Wannan ba ruwanki, na Allah ne. Ke dai an kira ki."

Zubaida ta ajiye butar. Ta sunkuya daidai kunnen uwarta, inda ruwa yake ɗiga daga furfura.

"Na'am, Inna," ta ce. "Na'am. Ga ni."