Ja Uku a Rijiyar Taba

Da Baturen ayyuka ya iso Taba, shekara biyar kafin a ba da mulkin kai, bai ga rijiyar da ta yi masa ba sai wadda aka rufe da itace a bayan ɗakin shan magani. Dattawa suka gaya masa akwai mutum a ciki. Tafinta ya fassara, Bature ya gyaɗa kai, ya sa aka ɗage itacen. Haka Turawa suke, in sun riga sun zana abu a takarda, to magana ta ƙare.

Dabararsa kuwa, a faɗi gaskiya, ta burge. Ya kafa fanka a kan dogon ƙarfe. In iska ta kaɗa, fankar ta naɗe igiyar waya, ta jawo wani ƙaton dutse daga cikin rijiyar. In iska ta kwanta da magariba, sai dutsen ya riƙa sauka sannu a hankali yana juya inji, ƙwan lantarki ya kama a ɗakin magani. Mutane suka ce Bature ya yi wa iska rumbu.

Lado mahaƙin rijiya aka ba tsaron wurin, don shi da ƙanensa Usmanu suka haƙa ta. Ya karɓa ba don yana so ba. Mahaƙa suna da ƙa'ida guda: in na ƙasa ya ja igiya sau uku, na sama ya jawo shi nan take, ko da duniya za ta tashi. Ran da bangon rijiyar ya rufta, shekara tara kafin zuwan Bature, Usmanu ne a ƙasa, igiya na hannun Lado. Ya ji ja uku sarai. Amma ƙasa na zaizayewa ƙarƙashin ƙafarsa, tsoro ya kama shi, ya saki igiya ya ruga. Ya rantse wa Mero, matar Usmanu, cewa igiya ko motsi ba ta yi ba, mijinta bai sha wahala ba. Da wannan rantsuwar take gaishe shi kullum har ƙasa.

Mako na farko lafiya lau. A na biyu, dutse na cikin sauka, igiyar ta girgiza sau uku, ƙwan ya dushe sau uku. Malamin asibiti ya ce tsatsa ce, a zuba mai. Lado ya zuba har yana ɗiga. Washegari ma sau uku, a ɗan dakata, a sake uku. Abinci ya daina shiga cikinsa. Ba fatalwa yake tsoro ba kamar ranar da Mero za ta gani, don matar mahaƙi ta san wannan kira.

Ranar kuwa ta zo. Mero ta yanke a yatsa, ta zo ɗakin magani a wanke mata, ana shirin kiran magariba, ba ko ganyen da ke motsi. Ƙwan ya dushe, ya dawo, har sau uku. Ta fito ta tsaya a gaban Lado, hannunta a naɗe da bandeji.

"Yaya Lado," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa, "ka ce igiya ba ta motsa ba."

Lado ya juya ya dubi rijiyar.

"To ga shi yana kira," ta ce. "Ba za ka jawo shi ba?"

Ya taka zuwa bakin rijiya ya kama mariƙin naɗe igiyar da hannu, wanda sai ƙarti huɗu suke iya juyawa. Ya juya shi kaɗai. Nauyin bai wuce na mutum ɗaya ba, siriri, irin wanda hannunsa ya saba jawowa. Ƙwan ya mutu. Yana juyi yana kuka, gaba tara, takwas, bakwai. Da ya rage gaba ɗaya, sai wata murya da ya sani ta taso, ba faɗa a cikinta, sai gajiya.

"Yaya," ta ce, "ka daɗe."