Kikun Dutse da Kabarin Fusae

Shekara arba'in da ɗaya Hayami Sokichi ya yi yana jiran wani daga jami'a ya zo ya dubi furen nan. Ranar da za a zo kuwa sai da ya yi aski, ya ɗauko baƙar kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita. Yayarsa Mitsue, wadda ke dafa masa abinci tun rasuwar matarsa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Aure za ka ƙara ne, ko ciyawar ce za a ɗaura wa?"

"Yaya, ba ciyawa ba ce."

"Na ji. Ci shinkafarka kafin ta huce, sarkin ciyawa."

Ba ciyawa ba ce, wannan kam gaskiyarsa ne. Kiku ne na daji, wani fure mai buɗewa da kaka, ɗan tsurut, da ke fitowa a gangaren dutsen da ke bayan ƙauyen Tomarigaura, inda ya fuskanci teku. Harsunan da ke kewaye da tsakiyar furen farare ne gajeru, goma sha uku, ba ƙari ba ragi. Bayan ganyensa kamar an barbaɗa masa gari. Sokichi ya gan shi tun yana sabon malamin kimiyya a makarantar ƙauyen, ya duba littattafai bai same shi ba, ya bi gaɓar tekun da ƙafa a hutun makaranta har takalminsa biyu suka mutu, bai ga irinsa ko'ina ba. Sau uku ya aika wa masana da busasshen reshe da wasiƙa. Sau ɗaya aka amsa masa, layi huɗu: kikun bakin teku ne da kowa ya sani, iska ce ta tsumbure shi. Wanda ya rubuta amsar bai taɓa taka Tomarigaura ba, kuma na tabbata bai san hanyarta ba.

Sokichi bai haƙura ba, don taurin kai a gidansu gado ne. Kowace kaka yakan yanko reshe, ya shimfiɗa shi tsakanin jaridu, ya danne da dutsen da matarsa Fusae ke danne kayan tsaminta da shi. Sun sha yin faɗa a kan dutsen nan. Idan reshen ya bushe sai ya manna shi a farar takarda, ya rubuta rana da wuri. Layin suna ne kawai yake bari fayau, sai dai a can gefe, da fensir, ƙanana, yakan rubuta sunan matarsa. Niyyarsa ke nan tun farko: ranar da masana suka yarda sabon jinsi ne, sunan Fusae zai shiga littafinsu, ya zauna can har bayan ransu su duka. Ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce ba ta ga ranar ba. Abin da ya rage masa ya yi mata a duniya ke nan.

Wadda ta sauko daga motar safe mace ce 'yar shekara arba'in, da takalmin hawan dutse da jaka a baya. Dakta Iwabuchi Kanae. Ita ce ta ci karo da ɗaya daga takardunsa a ƙasan wata durowa a ɗakin ajiyar busassun tsirrai, ta buga masa waya da kanta.

Ta zauna a tabarmar ɗakinsa ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma, shayin da Mitsue ta kawo ya huce ba ta taɓa ba.

"Sensei," ta ce, yadda ake kiran malami a ƙasarsu, "wanda ya amsa maka bai duba ba. Wannan ba kikun bakin teku ba ne."

Sokichi ya gyara zama. Mitsue da ke bakin ƙofa ta ce, "Kar ki faɗa masa da ƙarfi, Dakta, kansa ba zai shiga ƙofar nan ba."

"Amma busassun ba za su isa ba," in ji Dakta. "Za a sake cewa iska ce. Sai mun ɗauki mai rai mun dasa inda babu iska, mu ga ko zai canza kama, mu ƙirga ƙwayoyin halittarsa a saiwa. Gindi biyar sun ishe ni."

"Biyar?" Ya yi dariya. "Ɗari biyar ma akwai. Bana ya fi kowace shekara yawa."

Suka bi hanyar da ta ratsa maƙabartar ƙauyen, wadda ke zaune a kan dutsen, sannan suka gangara ta wata siririyar turba. Gangaren a cike yake da fure tun daga sama har inda ruwa ke duka. Sokichi ya tsaya yana jiran ta yi mamaki. Ba ta yi ba. Ta durƙusa, ta kama fure ɗaya tana ƙirgawa da bakin fensir, ta sake shi ta kama wani.

"Ashirin da ɗaya," ta ce. "Wannan sha takwas. Wannan kuma bakinsa ja-ja ne."

Ta juya ganye. Garin da ke bayansa kaɗan ne, kamar an karkaɗe. Ta matsa gaba ta juya wani, da wani. Tun yana biye da ita har ya zauna a kan dutse, don gwiwarsa ba ta da wannan ƙarfin yanzu. Ta yi wajen awa uku tana hawa tana sauka, rana ta take, kwat ɗinsa ta jiƙe da gumi bai cire ba. Da ta dawo hannuwanta duk ƙasa.

"Sensei, takardunka na ƙarshe na shekara shida da suka wuce ne. Me ya faru a nan?"

"Guguwar teku ce. Ta zaftare fuskar dutsen gaba ɗaya, tsofaffin gindin suka tafi ruwa. Na ɗauka shi ke nan. Da bazara sai ga 'ya'ya sun tsiro daga irin da ya zube a sama." Ya dubi gangaren. "Na yi kuka don murna."

"Kuma ba ka ƙara busar da ko ɗaya ba."

Ya ga harsunan sun ƙara tsawo tun shekarar farko. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana ƙirga goma sha uku ba zai kasa ganin sha takwas ba. Sai ya ce wa kansa sabuwar ƙasa ce, ta fi taki, za su koma daidai. Ya daina ƙirgawa, ya daina yanka, yana dai zuwa yana kallo daga nesa, inda fari fari ne.

"Barbara ce," in ji ta, da muryar da ake gaya wa mutum sakamakon asibiti. "Ƙudan zuma sun kawo musu garin furen kikun gida. Duk wanda na taɓa gauraye ne. Akwai inda aka shuka kikun gida kusa da nan? Ba yankakke da ake kai wa kaburbura ba, wannan kwana uku ya bushe. Mai saiwa, da ke fure duk shekara, ja mai duhu."

Ya san amsar tun kafin ta gama tambaya. Ya tashi, ta bi shi suka hau.

Kowa a Tomarigaura yankakken kiku yake kai wa mamacinsa, ya wanke dutsen kabarin da ludayi, ya sa furen a 'yar tukunyar ruwa, ya kunna turare ya tafi. Sokichi ne ya ƙi. Ya ce ba zai kai wa Fusae abin da ke mutuwa a kwana uku ba. Ya tono jan kikun da ta raina da hannunta a bayan kicin, ya dasa a gefen kabarinta, yana ba shi ruwa kowace safiya, mutane suna cewa ba a taɓa ganin miji irinsa ba. Ga shi nan ya bunƙasa ya kai ƙugu, ya cika da fure, ƙudan zuma na ta hidima a kai. Daga nan zuwa bakin gangaren taku talatin ne.

Dakta ta karanta sunan da ke jikin dutsen kabarin. Ta ga sunan a gefen takardunsa da safe, ba sai an yi mata bayani ba. Ta rusuna wa kabarin, ta daɗe a haka.

"In na cire shi yau fa?" ya tambaya.

"Ba zai dawo da su ba, Sensei."

"Ƙasa-ƙasa, inda igiya ce kawai ke kai mutum?"

"Na leƙa da madubin hangen nesa. Can ma ja-ja ne." Ta goge hannunta a wando. "Zan dawo baɗi in sake dubawa, in kana so. Amma ba zan yi maka ƙarya ba."

"To waɗannan na yanzu, me za a rubuta a kansu?"

"Gauraye akan rubuta sunan iyayen biyu. Ɗayan kikun gida ne. Ɗayan kuma ba shi da suna, don haka babu abin rubutawa."

Ta roƙi ya ba ta takardun ta adana su inda ƙwari ba za su ci ba, ya ce ta kwashe. Ta tafi a motar ƙarfe uku da kwali biyu. Mitsue ta ga fuskarsa tun daga ƙofa, kuma a karo na farko tun suna yara ba ta zolaye shi ba. Ta karɓi kwat ɗin ta rataye.

Washegari da safe ya ɗauki fartanya ya nufi maƙabarta. Mitsue ta biyo shi da bokiti da ludayi, tana ɗingishi.

"Sokichi, me za ka yi da wannan?"

"Shi ya cinye su."

"Shi ya dasa kansa?"

Ya tsaya a gaban furen, fartanya a hannu. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda babu wanda za a kai wa ƙara. Shekara arba'in da ɗaya yana gadin gangaren nan, ya kori yara, ya yi rigima da masu gyaran hanya, ya kai ƙarar mai akuya wajen shugaban ƙauye, ashe da hannunsa ya ɗauko abin daga bayan kicin ya kawo har bakin dutsen, yana kuma shayar da shi kullum. In ya sare shi, na gangaren ba za su dawo ba, kuma na Fusae ya tafi. Bai rage da komai nata mai rai ba sai wannan.

Ya jingine fartanyar a jikin kabarin maƙwabci. Ya miƙa hannu, Mitsue ta ba shi ludayin. Jiya da zumuɗin baƙuwa bai ba shi ruwa ba, ganyen ƙasa har sun fara langaɓewa. Ya ɗebo ya zuba a gindin a hankali, ƙudan zuma suka tashi daga kan furen suka yi wajen gangaren.