Gwiwar Mama

Ranar da aka karanto dokar hutun ƙarshen shekara ina kan keke ina ɗinka takunkumin fuska, rediyo na bakin taga. Mai karatun ya ce saboda annoba gida biyu kaɗai aka yarda su haɗu su ci abinci tare, ba uku ba. Ya ce gida kuma yana nufin mutanen da ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya. Ya ja numfashi zai ci gaba, na miƙa hannu na kashe shi. Halina ke nan, da na hango inda magana za ta sosa ni ba na bari a ƙarasa ta. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya sha faɗa min wata rana sai na kashe rediyo ana tsakiyar kiran sunana.

Lissafin ai ba wuya. Gidan Mama, surukata, ɗaya. Gidan 'yarta, ƙanwar maigidana, da mijinta da 'ya'yansu mata biyu, biyu ke nan. Ni kuwa ina can wata unguwa, daga ni sai keken ɗinki da tukwanen shukar fulawa uku. Shekara goma sha ɗaya duk hutun nan a teburin Mama nake yin sa, a kujerar da ke gefen ta Dogo, haka take kiran ɗanta, maigidana. Dogo ya rasu wata goma kafin nan, ciwon zuciya, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. Tun ranar nake tsoron abu ɗaya: a wayi gari gidan nan ya daina zama gidanmu, in koma matar da ake gaisawa da ita a waya. Doka ba ta kawo sabon abu ba, abin da ke raina ne kawai ta faɗa a rediyo.

Da yamma ƙanwar Dogo ta kira ni. Nas ce, a bayan idonta Alƙaliya nake ce mata, don ko gishiri za ta zuba a miya sai ta duba abin da takarda ta ce. Ta tambaye ni ko na ji doka, na ce na ji. Ta ce har ƙarshe? Na ce na ji abin da ya ishe ni. Ta ce to shi ke nan. Na ajiye waya ina huci, na ce wato an kira a shata min iyaka tun da wuri.

Washegari sai ga kiran Mama, murya kamar ta wadda aka danne. Gwiwa ta tashi, ko banɗaki da ƙyar take zuwa, 'yarta kuma tana bakin aiki a asibiti dare da rana. Ta ce in haɗo kayana da kekena in zo in zauna da ita, amma in biya a yi min gwajin annoba tukuna, Alƙaliya ta riga ta sa sunana. A raina na ce lallai, ranar wankin kwanuka ni ce 'yar gida, ranar cin kaza kuma ni ce gida na uku. Amma uwar Dogo ce. Sakamako na fitowa lafiya na ɗauki kan keken ɗinkina na tafi.

Gidanta a hawa na uku yake, ba lif. Na same ta a kujerar falo, ƙafar hagu naɗe da bandeji a kan matashi, sanda a gefe. Ko ruwa ban sha ba ta fara: Mai Keke, labulen nan ya yi ƙura. Mai Keke, shayin nan ruwan wanki ne? Sunan da ta laƙaba min ke nan tun ina amarya. Ban taɓa ganin mai ciwon gwiwa da ƙarfin baki irin nata ba. Na goge tagogi, na kwashe kayan cikin kabad na mayar, na rage mata riguna huɗu da ta ce sun yi mata yawa, da na gama ta ce sun matse ta, na sake buɗewa.

A ɗakin Dogo na ƙuruciya ta sauke ni. Gadon da kafinta ya ƙara wa tsawo saboda ƙafafunsa yana nan, ga zanen fensir a jikin ƙofa inda ake auna tsayinsa duk shekara, na ƙarshen ya wuce kaina da hannu guda. Kwana biyun farko ban yi barcin kirki ba. Daga baya kuma, in faɗi gaskiya, na yi barcin da rabona da shi tun rasuwarsa.

A kwana na biyar na ce zan je in ba fulawata ruwa, in kwana can in dawo da safe. Nan take gwiwar ta tsananta. Mama ta riƙe ta tana salati, ta ce in je amma kada rana ta faɗi ban dawo ba. Ina can ta kira ni sau shida. Da na dawo sai na ga bandejin ya koma ƙafar dama. Na ce Mama, ba hagu ba ce? Ko ƙifta ido ba ta yi ba, ta ce irin wannan ciwon yawo yake yi, in tambayi nas in ban yarda ba. Wa zai yi musu da suruka a kan ƙafarta?

Akwai kalanda a bayan ƙofar kicin. Kullum da safe, kafin shayi, sai ta dogara sanda ta je ta ja layi da jan biro a kan ranar. Na ɗauka maganinta take ƙirgawa, ban ko tambaya ba.

Wata rana da hantsi ta sa na sauko da akwati daga saman kabad, ta ciro wata rigar Dogo mai layi-layi shuɗi, wadda yake sawa yana makaranta. Ta daɗe tana shafa wuyan rigar. Sannan ta ce in yanka in ɗinka takunkumi, kowa ya sa ranar hutu. Na ƙirga a yatsu: ita, 'yarta, mijin, yara biyu, biyar. Ta ce shida. Na ce a raina na ajiya ne ko wani zai ɓata nasa. Ina yanka rigar hawaye na ɗiga a kan almakashi, ita kuma ta juya kai wai tana kallon titi. Ranar ba ta ce shayina ruwan wanki ne ba.

Ana gobe hutu na tashi da sassafe. Na gyara kaji, na wanke shinkafa, na yi miya na sa a firji, na shimfiɗa wa tebur farin mayafinsa, na jera faranti biyar. Duk ina yi zuciyata na tafasa. Na san gobe Alƙaliya za ta tsaya a bakin ƙofa da takunkumi har ido, ta ce Anti, kin san doka, ba laifinmu ba ne. Mama kuma ta sunkuyar da kai. Wallahi ba zan iya tsayawa a yi min wannan ba. Gara in fita da ƙafata, da mutuncina, kafin a nuna min hanya.

Da Mama ta kwanta bayan abincin rana na kira tasi. Na rubuta mata a bayan ambulan cewa komai na firji, Allah ya ƙara sauƙi, a sha hutu lafiya. Na rungumi kan keke na sauka hawa uku, na dawo na ɗauki jaka, na ja ƙofa a hankali. Direba ya buɗe but, muna kokawar shigar da keken, sai na ji an kira ni daga baya da muryar da ta sa har mai shagon ƙasa ya leƙo.

“Mai Keke!”

Mama ce. Ba sanda, takalmi ƙafa ɗaya, bandeji ya warware yana binta a ƙasa, ambulan ɗina a hannunta. Hawa uku ta sauko a guje, matar da nake kai wa ruwan wanka. Ta zo ta fizge jakar daga hannuna tana haki.

“Kwana goma sha uku,” ta ce. “Kwana goma sha uku ina ɗingishi kamar tsohuwar agwagwa, saura kwana ɗaya tak, shi ne za ki zubar min da shi a titi?”

Na ce, “Mama, gwiwar fa?”

“Gwiwata lafiyarta ƙalau, ta fi taki. Kunnenki ne ba lafiya.”

Direba ya kalle ni ya kalle ta, ya ciro keken daga but ya ajiye a gefen hanya ba tare da an ce masa ba. Ya ce shi dai yana da uwa, ya san shari'ar da ba a ɗaukaka ƙara. Ya ja motarsa.

A kicin ta zaunar da ni. Ta ɗaga kalandar, a bayanta an maƙala wata takarda da fil, dokar ce gaba ɗayanta, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin sakin ƙarshe. Na karanta da kaina. Duk wanda ya kwana goma sha huɗu a jere a gida kafin ranar taro, ba tare da ya kwana wani wuri ba, ana lissafa shi cikin mutanen gidan. Daidai inda na kashe rediyo ke nan. Mama ta ce 'yarta ce ta gano wurin, ita ta bugo takardar a wurin aiki, ita ta ƙirga kwanakin baya-baya, ita ta sayo bandeji da sanda. Abu ɗaya ta manta, ba ta rubuta mata ko wace ƙafa ce ba.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na ce don Allah me ya sa ba ku faɗa min ba?

“Da mun faɗa miki da kin zo?” ta ce. “Cewa za ki yi tausayinki ake ji, ki kashe waya. Shekara goma sha ɗaya ina tare da ke. Ba kya zuwa inda ake son ki, sai inda ake buƙatar ki. Shi ya sa na buƙace ki.”

Gaskiya ta faɗa. Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban yi a gaban kowa ba tun rasuwar Dogo. Ta bar ni na yi mai isata, tana ɗan bubbuga bayana, sannan ta ce in tashi in ƙara faranti, ta ga biyar na jera, ita ba ta san wa na cire ba.

Washegari da hantsi suka iso. Alƙaliya ta tsaya a bakin ƙofa da takunkumi har ido, kamar yadda na zata, ta sa kowa ya wanke hannu, ta buɗe tagogi duka. Ta wuce kicin ta duba kalanda, ta bi jan layin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har goma sha huɗu. Ta juyo ta ce, “Gida biyu. Anti, ina nawa takunkumin?” Na miƙa mata, na riƙe hannunta na ce na gode, kuma ta yafe min, akwai sunan da nake kiranta da shi a ɓoye. Ta ce Alƙaliya ko? Ai Yaya Dogo ya faɗa mata tun shekarar da aka yi aurenmu.

Muka zauna mu shida, kowa da shuɗin layin rigar Dogo rataye a wuya. Kujerarsa tana nan inda take, tawa a gefenta. Mama ta ce miyar ta yi gishiri, ta ƙara sau biyu. Ni kuwa ina ci ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ina gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen da suka fi ni haƙuri, suka kuma fi ni wayo.

Kwana biyu bayan hutu na fito da safe da niyyar in ce mata zan haɗa kaya. Na same ta a bayan ƙofar kicin, tsaye a kan ƙafafunta biyu, da jan biro a hannu. Ta ja layi na goma sha shida. Na ce Mama, ai doka goma sha huɗu ta ce.

“Na karanta ta har ƙarshe, ba irinki ba,” ta ce. “Ban ga inda ta ce a daina ba.”

Ta rufe biron ta sa a aljihu, ta ce in je in kwaso fulawar nan tawa kafin ta bushe, akwai wuri a baranda.