Tsinken Ashana Talatin da Ɗaya

Kilo takwas ɗin da mai girkin asibiti ta rage bara duk sun dawo. Don haushi ta wurga littafin rubuta abincinta bayan firji.

"Rabin faranti fa nake ci!" ta ce wa ƙanwarta da suke aiki tare.

"Yaya, ɗanɗanon miya iska ne? Duk cokalin da kika kai baki, zan jefa tsinken ashana a kofi."

Da yamma suka ƙirga talatin da ɗaya. Ta jawo littafin da tsintsiya, ta ci gaba da rubutu, har da cokulan.

Bayan wata huɗu ta shigo sanye da siket ɗin bara, zif a rufe, tana taƙama.

"Ke, zo ki ɗanɗana. Na cika cokalina biyu."